Fataucin Bitamin da Tarihin Wuce Haddi

A cikin shekarar 1596 wani jirgin ruwa ya tashi daga birnin Amsterdam na ƙasar Holan, wanda wani gwanin sanin hanyoyin teku mai suna Willem Barents ke yi wa jagora, da niyyar neman hanyar da za ta ɓulle da fatake zuwa ƙasar Sin ta arewacin Rasha. Amma maimakon su isa inda suka nufa, sai ƙanƙara ta datse jirgin a gaɓar tsibirin Novaya Zemlya ta riƙe shi kam, har ala tilas mutanen suka sauka suka gina ɗaki da itatuwan da ruwa ya kawo, suka yi zaman hunturu a wurin da rana kan faɗi ta yi wata biyu da ɗoriya ba ta sake fitowa ba. Ɗaya daga cikinsu, Gerrit de Veer, ya riƙa rubuta abin da ke aukuwa kullum, kuma a cikin littafinsa ne muka sami labarin cewa wajen ƙarshen zamansu, a 1597, sun kashe wata farar beyar irin ta ƙasashen ƙanƙara, suka dafa hantarta suka ci, suka ji daɗinta ƙwarai, amma ba a jima ba dukansu suka kwanta ciwo, uku kuwa ciwon ya tsananta musu har aka fid da rai, fatar jikinsu ta saɓule tun daga kai har ƙafa, kafin Allah ya ba su sauƙi. Mutanen Inuit da ke zaune a irin waɗannan ƙasashe ba su bukaci a gaya musu ba, domin tun kaka da kakanni sukan ci naman wannan dabba su jefar da hantarta.

Abin da ya kama mutanen Barents shi ne abin da likitocin yau ke kira gubar bitamin A, watau ke nan ɗan Adam ya ɗanɗana sharrin wannan sinadari fiye da shekara ɗari uku kafin ya san akwai shi. Alherinsa ma haka, gama ita hantar dai ita ce tsohon maganin dundumi, ciwon nan da ke hana mutum gani da zarar magariba ta yi. Likitocin Yunan sun rubuta cewa a gasa hantar akuya a ba mai dundumi ya ci, a kuma ɗiga masa ruwanta a ido, malaman ɗibbu na Musulunci kuma suka karɓi wannan magani suka shigar da shi cikin littattafansu, alhali babu wanda ya san sirrin da ke cikinsa, sai dai an jarraba an ga yana yi. Abu guda ne ke buɗe idon mai dundumi, shi ne kuma ya saɓule fatar matuƙan Holan, bambancin kawai na miƙdari ne.

Labarin da ya fi kowanne ban tausayi a wannan babi a ɗaya ƙarshen duniya ya auku, can kudu a nahiyar Antatika. A watan Nuwamba na 1912 mutum uku suka bar sansaninsu suka yi gabas domin auna ƙasar da ba wanda ya taɓa takawa: Douglas Mawson, malamin ilmin duwatsu daga Ostireliya, wanda shi ne madugun tafiyar, da Belgrave Ninnis, hafsan sojan Ingila, da Xavier Mertz, mutumin Siwizalan, gwanin tafiya a kan ƙanƙara, karnuka na jan kayansu a bisa wasu katakai masu sulɓi. Ran 14 ga Disamba, bayan sun yi nisan kilomita kamar 500, ƙanƙara ta burma da Ninnis ya faɗa wani rami wanda ba a hango ƙarshensa, shi da karnuka shida mafiya ƙarfi, da tantin kwana, da mafi yawan guzurinsu. Su biyun da suka rage suka yi ta kira a bakin ramin na tsawon sa'o'i babu amsa, sa'an nan suka juya da abincin da bai fi na kwana goma ba, da ramammun karnuka shida waɗanda suka riƙa kashewa ɗaya bayan ɗaya suna ci. Naman karen da ya sha wuya tauri gare shi, ba ya taunuwa sai da ƙyar, hantar ce kaɗai mai laushi, saboda haka ita suka fi so.

Kafin wani lokaci fatarsu ta fara ɓarewa, gashi na zuba, ciki na murɗa, har Mertz ya kasa tafiya, hankalinsa ya gushe, ya rasu ran 8 ga Janairu 1913. Mawson ya ci gaba shi kaɗai, wata rana kuma da ƙafafunsa suka dame shi ya tsaya ya cire safa, sai ya tarar fatar tafin ƙafarsa, duka biyu, ta rabu da nama ta fita ɗungurungum; ya shafa mai a kan ɗanyen naman, ya mayar da fatar wurinta ya ɗaure da bandeji, ya jera safa a kai, ya tashi ya kama hanya. Ya isa sansani ran 8 ga Fabrairu, sa'o'i kaɗan bayan jirgin da zai kai shi gida ya tashi, dole ya ƙara zaman kusan shekara guda a wurin. Sai a 1969 wasu malamai biyu na birnin Adelaide, Cleland da Southcott, suka kawo hujja cewa hantar karnukan nan ce ta cika jikin mutanen biyu da bitamin A. Wasu kuma daga baya suka yi musu, suna cewa yunwa da sanyi kaɗai sun isa su yi wannan ɓarna. Ni dai a ganina, wanda ya karanta labarin de Veer ya kuma karanta na Mawson, da wuya ya ƙi ganin kamannin da ke tsakaninsu.

Ita wannan shekara ta 1912 da su Mawson suka tashi ita ce kuma shekarar da wani masani ɗan ƙasar Polan mai suna Casimir Funk, yana aiki a Landan, ya raɗa wa bitamin suna. Asalin binciken kuwa daga kaji ya faro. Wajen 1890 wani likitan Holan, Christiaan Eijkman, yana neman sanadin cutar beriberi a birnin Batavia, wadda ake kira Jakarta yanzu, sai ya lura kajin da ake ba ragowar surfaffiyar shinkafar asibitin soja sun kamu da shanyewar ƙafa irin ta masu cutar, sa'an nan da aka canja mai dafa abinci, sabon ya ƙi yarda a ba kajin farar hula shinkafar soja, aka koma ba su wadda ba a surfe ba, sai suka miƙe garau. Abokin aikinsa Gerrit Grijns ne ya gane cewa akwai wani abu a cikin dusar wanda jiki ba ya rayuwa sai da shi. Daga nan ƙofa ta buɗe: a 1913 Elmer McCollum da Marguerite Davis a Amurka suka gano bitamin A a cikin man shanu da ƙwanduwar ƙwai, a 1919 Edward Mellanby a Ingila ya warkar da 'yan kwikwiyo daga cutar laushin ƙashi, wadda ke lanƙwasa ƙafafun yara, da man hantar kifi, a 1929 aka ba Eijkman da Frederick Hopkins lambar Nobel. Cututtukan da suka daɗe suna cinye matuƙan jirgi da fursunoni da 'ya'yan talakawa sai ga shi ana kawar da su da abin da bai cika cokali ba, kuma ba laifi ba ne idan mutanen wancan zamani suka ɗauki abin tamkar mu'ujiza.

Sai dai tun da wuri masana suka fahimci cewa bitamin kashi biyu ne. Akwai masu narkewa a ruwa, watau dangin B da kuma C, waɗanda jiki kan ɗebi bukatarsa ya zubar da mafi yawan saura ta fitsari, shi ya sa wanda ya sha ƙwayar B-kompiles kan ga fitsarinsa ya koma ruwan ɗorawa. Akwai kuma masu narkewa a mai, A da D da E da K, waɗanda jiki ba ya da hanyar fitar da mafi yawansu da sauri, sai ya tara su a hanta da kitse, abin da aka sha yau ya hau kan na jiya, har ma'ajiyar ta cika ta tumbatsa cikin jini. A 1943 wani masani ɗan Norway, Kaare Rodahl, tare da Thomas Moore na Cambridge, suka auna hantar farar beyar suka sami tsakanin 13,000 da 18,000 a kowane giram ɗaya, bisa ma'aunin nan da masu haɗa magani ke rubutawa IU a jikin kwalba, alhali bukatar babban mutum a yini ba ta wuce 3,000 ba. Loma guda ke nan ta ƙunshi abincin watanni.

Ilmi bai daɗe a hannun malamai ba attajirai suka karɓe shi. A 1924 Harry Steenbock na jami'ar Wisconsin ya gano cewa in an haska wa abinci wata irin fitila mai haske irin na rana, bitamin D kan samu a cikinsa, aka yi wa wannan hikima rajista, jami'ar ta riƙa samun kuɗi daga kamfanonin abinci. A 1933 Tadeus Reichstein ya haɗa bitamin C a ɗakin bincike a Zurich, kamfanin Hoffmann-La Roche na birnin Basel ya sayi hanyar, a 1934 ya fito da ƙwayar Redoxon, ya kuma zama uban wannan sana'a a duniya. A 1940 kamfanin Miles na Amurka ya fito da One A Day, shekara guda bayan haka kuma, da yaƙi ya ƙarato, hukumomin Amurka suka fitar da jadawalin farko na abin da kowane mutum ke bukata a yini. Amma fa mai sayar da bitamin yana da wata mas'ala wadda mai sayar da gishiri ba ya da ita. Abin da jiki ke bukata kaɗan ne ƙwarai, mai cin abinci iri-iri kuma yana samunsa a akushinsa, waɗanda ke cikin rashi na haƙiƙa kuwa su ne matalautan da ba su da kuɗin saye. Don haka da a ce mabukata kaɗai za a sayar wa, da kasuwa ta watse tun da hantsi. Sai aka juya ga mai lafiya mai abin hannu aka sanya masa waswasi, aka ce masa wataƙila kana cikin rashi ba ka sani ba, gajiyar nan da kake ji da yamma, da kukan jaririnka, da furfurar da ta fara fito maka, duk alamu ne, ka sha ko da ba ka bukata, ai ba ya cutarwa. Wannan magana ta ƙarshe, cewa ba ya cutarwa, ita ce jarin sana'ar duka.

Jariran Ingila ne suka fara biyan bashin wannan magana da yawa, kuma abin lura shi ne babu mugu a cikin labarin. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Ingila, saboda tsoron kada cutar laushin ƙashi ta dawo, ta riƙa raba wa iyaye mata man hantar kifi da madarar gari wadda aka ƙara wa bitamin D, lafiyar yara kuwa ta inganta ƙwarai har aka yi ta yabo. Bayan yaƙi sai kowa ya so ya shiga cikin ladan: masu madara suka ƙara fiye da abin da aka rubuta don gudun kada ya rage ƙarfi a ajiya, masu garin kunun jarirai su ma suka zuba nasu, uwa kuma ga cokalin man kifi tana ɗurawa kowace safiya kamar yadda aka umarce ta, har ya zama jariri guda na iya haɗiyar IU 4,000 a yini, ninki goma na bukatarsa, ba tare da kowa ya zauna ya haɗa lissafin ba. A 1952 wani likitan yara a Landan, Reginald Lightwood, ya ba da bayanin wata sabuwar cuta: jariri ya ƙi nono, ya yi ta amai, cikinsa ya ɗaure, ƙishirwa ta dame shi, ya daina girma ya shiga ramewa, in an auna jininsa a tarar sinadarin kalsiyam ya yi yawa har yana taruwa a ƙoda. An je neman ƙiba an samo rama. Da aka bi asibitocin ƙasar aka ƙirga yara kamar 200 a cikin shekara biyu, daga 1953 zuwa 1955, wasu sun mutu, wasu sun tashi da lahani. A 1957 gwamnati ta sa aka rage abin da ake zubawa, cutar kuwa ta ja baya.

Tambaya ɗaya ta rage wadda ta daɗe tana damun likitoci, watau me ya sa dubban jarirai suka sha madara iri ɗaya amma kaɗan ne suka kamu. Amsarta ba ta zo ba sai a 2011, sa'ad da wasu masana a Jamus suka nuna cewa akwai yaran da ake haifa da wani naƙasu na gado wanda ke hana jikinsu rushe bitamin D idan ya yi yawa, ta yadda abin da ɗan maƙwabci zai sha ya kwana lafiya shi sai ya kwantar da shi. Wani lokaci kuma kuskuren hannu ne tsagwaronsa, kamar yadda ya faru a wani gidan madara kusa da birnin Boston tsakanin 1985 da 1991, inda aka riƙa kwarara bitamin D ba bisa awo ba, har aka sami kwalbar da ta ƙunshi fiye da ninki 500 na abin da doka ta ce. Mutum 56 suka kamu, biyu suka mutu.

Duk da haka, wanda ya fi kowa ɗaukaka aƙidar yawaitawa ba ɗan kasuwa ba ne, babban malami ne, Linus Pauling, wanda ya karɓi lambar Nobel sau biyu, ta ilmin sinadarai a 1954 da ta zaman lafiya ta 1962. A 1970 ya wallafa littafi yana da'awar cewa bitamin C mai yawa na hana mura, daga baya ya ƙara da cewa yana taimakon masu ciwon daji, shi kansa kuma ya kai ga shan giram 18 a yini, a lokacin da hukuma ke cewa miligiram 60 sun wadatar. Asibitin Mayo ya jarraba da'awarsa a kan masu ciwon daji har sau biyu, a 1979 da 1985, ba a ga wata fa'ida ba, amma mutane ba su fasa ba, domin girman malami yakan rinjayi hujja a zukatan mabiya, ko da a fannin da ba nasa ba ne. Shi ma kuwa tun da ya kai shekara 93 kafin ya rasu a 1994, sai suka ɗauki tsawon ransa dalili. Da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi yunƙuri a 1973 ta mayar da ƙwayoyi masu ƙarfi ƙarƙashin dokar magani, wasiƙun ƙorafi suka yi ta kwarara majalisa, har a 1976 aka yi dokar da ta hana hukumar ƙayyade ƙarfin bitamin don kawai ya wuce bukata, a 1994 kuma aka yi wata wadda ta ba kamfani damar kai kayansa kasuwa ba tare da ya fara tabbatar da amfaninsu ba. Don mai karatu ya san girman dukiyar da ake karewa, a 1999 kotun Amurka ta ci Roche tarar dala miliyan 500, kamfanin BASF na Jamus kuma miliyan 225, saboda sun haɗa baki shekara da shekaru suna tsayar da farashin bitamin a duniya.

A waɗannan shekaru ne asibitoci suka riƙa karɓar mutanen da suka cuci kansu da neman lafiya. A 1974 wani mutum ɗan shekara 48 a garin Croydon na Ingila, mai tsananin kula da abin da yake ci, ya shafe kwana goma yana shan galan guda na ruwan karas kullum, yana haɗawa da ƙwayoyin bitamin A na miliyoyin IU, ya mutu jikinsa ya yi rawaya, hantarsa ta lalace kamar ta mashayin giya. A 1983 wani likitan jijiyoyi a New York, Herbert Schaumburg, ya kawo labarin mutum bakwai da suka riƙa shan giram 2 zuwa 6 na bitamin B6 a yini, alhali bukata ba ta kai miligiram 2 ba, har hannuwansu da ƙafafunsu suka mutu, suna tafiya suna tangaɗi ba su jin ƙasar da suke takawa. Wannan kuwa ya rushe zaton da ake yi cewa masu narkewa a ruwa ba su da illa ko kaɗan. A 1995 wani bincike da aka yi a Boston a kan masu juna biyu fiye da 22,000 ya nuna cewa shan bitamin A fiye da IU 10,000 a yini, musamman a farkon ciki, na ƙara hatsarin haihuwar jariri da tawaya. Amma wanda ya fi girgiza masana shi ne na ƙasar Finlan, inda aka ɗauki maza masu shan taba fiye da 29,000 aka riƙa ba wasu ƙwayar beta-karotin, sinadarin nan na cikin karas da manja, da kyakkyawan zaton zai kare su daga ciwon dajin huhu, sai sakamako ya fito a 1994 cewa ciwon ya ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a wajen waɗanda suka sha. Irin wannan gwaji a Amurka dakatar da shi aka yi a farkon 1996 tun wa'adinsa bai cika ba, da aka ga ƙarin ya kai kashi 28.

Kada mai karatu ya ɗauka ana kushe bitamin ne gaba ɗaya, domin a ƙasashenmu rashi shi ne babbar musiba har yanzu. A 1986 wani likitan ido na Amurka, Alfred Sommer, ya wallafa abin da ya gani a ƙauyuka 450 na lardin Aceh a Indunisiya, cewa ba yara bitamin A sau biyu a shekara ya rage mace-macensu da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma daga wannan bincike ne aka sami ɗan kwanson nan da ma'aikatan lafiya ke yanke wa baki su matse a bakin yara a Nijeriya da Nijar, shuɗi mai IU 100,000 na 'yan wata shida zuwa goma sha ɗaya, ja mai 200,000 na waɗanda suka shekara har zuwa shekara biyar. Tun 2002 kuma Nijeriya ta wajabta wa masana'antu su sa bitamin A a sukari da man girki da fulawa, shi ne dalilin hoton idon nan da ake gani a jikin buhu. Hikimar barin wata shida tsakanin kwanso da kwanso ita ce a ba hanta lokaci ta kashe abin da ta ajiye, uwar da ta bi layi biyu don ɗanta ya sami rabo biyu kuwa tana iya ganin ya shiga amai, maɗigarsa ta kumbura. A jihar Assam ta Indiya, a watan Nuwamba na 2001, aka yi rabon ruwan bitamin A ga yara miliyoyi a yini guda, sai aka musanya cokali mai cin mililita 2 da ɗan kofi mai cin 5, dubbai suka yi rashin lafiya, fiye da ashirin suka mutu, har yau kuma masana na jayayya a kan ko maganin ne ya kashe su, ko da yake kotu ta sa an biya iyayen diyya.

A wajenmu dai kemis ne mahaɗar wannan tarihi duka. Magidanci ya shigo ya ce jikinsa ba ƙarfi a haɗa masa magani, sai a ƙirga masa ƙwaya ja da rawaya da baƙa a ƙulle a leda ba suna ba takarda. Amarya na neman abin da zai buɗe mata ciki ta yi ƙiba kafin biki. Wani kuma ba ya yarda ya sha magani sai an yi masa allurar B-kompiles, don a wurinsa abin da bai yi zafi ba bai shiga jiki ba. Ƙwaya guda ta bitamin mai haɗi a yini, irin wadda aka yi daidai da bukata, da wuya ta cuci babba mai lafiya. Inda ake samun ɓarna shi ne wajen tarawa, irin wanda ya faru da jariran Ingila, mutum yana shan ƙwaya da safe, da ruwan ƙarin jini da rana, da man hantar kifi da dare, ga wani gwangwani da ɗan'uwa ya aiko daga Turai, kowannensu da nasa bitamin A da D a ciki, kowace kwalba kuma lissafin kanta kawai ta rubuta.

Mafi kusa da ɗakunanmu cikin waɗannan hatsarori ma ba bitamin ba ne, abokin tafiyarsa ne, watau sinadarin ƙarfe da ke cikin ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba mata a wajen awo, da kuma cikin bitamin mai haɗi da yawa. Ga mai ciki rahama ne, amma jiki ba ya da ƙofar fitar da shi in ya wuce kima, ƙwayoyin kuma jajaye ne masu sheƙi, wasu da zaƙi a bayansu, yaro mai rarrafe ba ya bambanta su da alewa. A Amurka, inda tun 1960 kamfanoni suka fara yin bitamin na taunawa mai ɗanɗanon alewa domin yara, an yi zamanin da ƙarfe na cikin manyan magungunan da ke kashe 'yan ƙasa da shekara shida, har a 1997 hukuma ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin kwalba, ta kuma ce masu ƙarfi a riƙa rufe kowace ƙwaya a gurbinta daban. Wani bincike ya ƙirga yara 29 da suka mutu a shekara goma kafin dokar, ɗaya tak a shekara biyar bayanta, amma duk da haka masu sana'ar suka kai ƙara, a 2003 kotu ta soke sharaɗin rufewar. Ƙwayar da aka saba bayarwa a wajen awo tana ɗauke da miligiram kamar 60 na ƙarfe, guda goma sun isa su jefa yaro mai nauyin kilo 10 cikin hatsari mai tsanani. Cutar kuma mayaudariya ce: a sa'o'in farko yaro zai yi amai da zawo, wani lokaci da jini, sa'an nan ya lafa ya koma kamar ya warke na tsawon rabin yini ko yini guda, alhali ƙarfen na can yana cin hanta, bayan haka sai jiki ya rikice gaba ɗaya. Akwai allurar da ke kama ƙarfen ta fitar da shi ta fitsari, sunanta deferoxamine, ana amfani da ita tun shekarun 1960, amma ta fi yin aiki idan an kai yaron asibiti da wuri, tare da ledar maganin don likita ya ƙiyasta nawa ya haɗiya, a cikin waɗannan sa'o'i da mutanen gida ke cewa ai ya sami sauƙi a bar shi ya yi barci.